Ciwon Ciki Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

Tiyatar rage ƙiba iri biyu ce aka fi yi: wadda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, da wadda ake ƙanƙanta tumbin a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Masu hali kan je Indiya, Masar ko Turkiyya a yi musu, su dawo Kaduna, likitan da ya yi aikin yana can nesa. Idan ciki ya murɗa, a nan gida za a nemi mafita.

A makonnin farko abin tsoro shi ne ɗinki ya yi yoyo. Alamarsa zazzaɓi, ciwon da ke harbawa kafaɗar hagu, da bugun zuciya sama da 120 a minti ɗaya. Wannan ba ya jiran wayewar gari.

Mafi yawan ciwon kuwa daga ci yake. Tumbin da ya ƙanƙance ba ya ɗaukar malmalar tuwo, balle a kora da ruwa. Kunun zaƙi, lemon kwalba ko furar da aka cika wa sukari kan zarce hanji da sauri, cikin minti 10 zuwa 30 sai murɗa, zufa, jiri da gudawa. Maganinsa ci kaɗan-kaɗan, tauna sosai, da jinkirta shan ruwa rabin awa bayan abinci. Mai niyyar azumi ya fara tuntuɓar likita, domin buɗa-baki da gaggawa na tayar da ciwon.

Saurin rama yana haifar da tsakuwa a matsarmama, ciwonta a dama ƙarƙashin haƙarƙari, musamman bayan abinci mai maiƙo. Akwai kuma gyambon ciki a wurin haɗin, wanda taba sigari da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ke jawowa. Abin takaici, magungunan nan ne ake fara miƙawa a kemis.

Ga wanda aka haɗa wa hanji, hanjin na iya sarƙewa ko bayan shekaru, har jini ya daina kai masa. Ciwo mai tsanani da amai, aman jini ko baƙin bayan gida na buƙatar hoton ciki ko tiyatar gaggawa. Mazaunin Kaduna ya nufi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da takardun aikin a hannu, ya faɗa wa likita irin tiyatar da aka yi masa tun kafin a tambaya.