Ruwa da wutar lantarki ba su ga-maciji

A wasu gidajen Yamai akwai tafkin wanka na siminti, wanda ake kira pisin. Pompo mai aiki da lantarki ne ke tace ruwansa. Masu garka ma suna sa irin wannan pompo domin cika basan, kuma nan yara kan yi wanka lokacin zafi.

Wutar NIGELEC volt 220 ce. Busasshiyar fata tana ɗan tare ta, jiƙaƙƙiya kuwa ƙofa ce buɗe. In waya ta goge, wuta sai ta bi ruwa ta shiga jiki, hannu ya ƙage, mutum ya nutse ko da ya iya iyo.

Fizibil waya yake karewa, ba mutum ba. Mai kare rai shi ne disjonkter diferansiyel. Yana auna wutar da ta tafi pompo da wadda ta komo. In miliamper 30 ta ɓace a hanya, ya katse kafin ƙiftawar ido. A Faransa doka ta tilasta shi. Ku duba jikinsa, ku ga an rubuta 30 mA. Kowane wata a danna maɓallin T. In wuta ba ta ɗauke ba, a kira ma'aikacin lantarki, kada ɗan kame-kame.

Wayar nan mai kore da rawaya kuma, a haɗa ta da jikin pompo zuwa ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa mai laima, don busasshen rairayi ba ya jan wuta sosai.

In wuta ta kama wani cikin ruwa, kada ku faɗa ciki. Ku kashe wutar tukuna.