Wankin ƙoda ta ciki: abin da hanta ke faɗa kafin a yanke shawara

Idan ƙodar magidanci ta gaza a Zonkwa ko Kafanchan, galibi ɗansa da ke aiki a Abuja ne ke ɗaukar nauyin jinya. Wankin jini da na'ura kan buƙaci zuwa asibiti sau biyu ko uku a mako, kuma ko da gwamnatin tarayya ta rage kuɗinsa daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta a 2025, kuɗin mota da wahalar hanya na nan.

Shi ya sa wankin ƙoda ta ciki ke jan hankali. Ana zuba ruwan magani kimanin lita 2 ta siririn bututu, tantanin ciki ya tace dattin jini, a sauya ruwan kamar sau huɗu a rana, a gida. Hanyar ba ta yaɗu a Najeriya ba, saboda tsadar ruwan da ƙarancinsa.

Sai dai hanta na da ta cewa. Ita ke samar da albumin, furotin da ke riƙe ruwa cikin jijiyoyin jini. Mai wannan wanki kan rasa furotin giram 5 zuwa 15 kullum ta ruwan da ake fitarwa, kuma likitoci sun daɗe da gano cewa raguwar albumin ƙasa da 3.5 na tafiya da yawan kwanciya asibiti da gajartar rai.

Gwajin ALT kuwa yana iya yaudara. Yakan yi ƙasa a jikin masu wankin ƙoda, har sakamako ya nuna lafiya alhali hanta na ciwo.

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ga kuma gubar da ke cikin masara da gyaɗar da suka yi funfuna a rumbu, wadda ke lahanta hanta a hankali.

Ta wannan fuskar wankin gida na da fa'ida: haɗarin kamuwa da nau'in B ko C bai kai na ɗakin na'ura ba, tunda jini ba ya barin jiki.

Saboda haka, kafin iyali su zaɓa, ya kamata su nemi gwajin B da C da albumin, da rigakafin B ga wanda bai kamu ba. Rigakafi dai ya fi magani.