A Nemi Makaranta Kafin A Nemi Gida

Aikin malanta aiki ne na tashi da sauka. Duk wanda ya shigo kwalejin nan ya san ba shi zai zaɓi garin da zai zauna ba. Takarda ce za ta zo, a ce masa ya tattara kayansa ya koma wuri kaza. Abin kuwa ba yau aka fara ba. Da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama Kwalejin Katsina a 1933, Makarantar Midil ta Bauchi aka turo shi. Malam Aminu Kano ya zo ya same shi a 1942, daga baya aka yi masa canji zuwa makarantar horon malamai ta Maru, can lardin Sakkwato na wancan zamani.

Amma a zamaninsu canji bai cika taɓa karatun yaron da ya yi nisa ba. Kusan kowane lardi Midil ɗaya gare shi, ta kwana ce kuwa. In yaro ya shiga, ko ina aka kai ubansa, shi yana nan har ya gama. Yau ba haka ba ne. Tun da aka soma shirin ilmin firamare kyauta a 1976, aka kuma zo da dokar 2004 wadda ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, watau 6 a firamare da 3 a ƙaramar sakandare, yawancin yara daga gida suke zuwa makaranta su dawo. Ashe ke nan ranar da uba ya kama gidan haya, ran nan ya zaɓa wa 'ya'yansa makaranta, ko ya sani ko bai sani ba.

To, ga inda yawancinmu muke yin kuskure. Mutum ya sauka a sabon gari, sai ya nemi dillali. Dillali ya nuna masa gida mai ɗaki uku da rijiya, kuɗin da sauƙi. Ya biya hayar shekara, ya kwaso iyali, sa'an nan ya tambayi maƙwabci, "Ina makaranta take?" Wannan tambaya ita ya kamata ya fara yi, ga shi ita ya yi daga ƙarshe, bayan kuɗi sun riga sun fita daga hannunsa.

Bari mu ɗauki Miri mu yi misali da ita, da yake duk mun san ta. Tana bakin hanyar Jos, yamma da gari, in an wuce Wuntin Dada inda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abubakar Tatari Ali take. Dā ƙauye ce ta manoma. Tun da Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976 gari yake ta miƙa ƙafa ta kowace hanya, har ya kai gare ta. Mu ɗauka an yi wa wani malami mai 'ya'ya uku canji daga Azare zuwa Bauchi. Ya duba cikin gari, wajen Jahun da Kobi, ya ga gidaje a cushe. Ya duba Yalwa da Gwallameji, ya tarar ɗaliban jami'a da na kwalejin tarayya sun cika ɗakunan haya. Sai aka ce masa ya gwada Miri, akwai fili, akwai iska. Me ya kamata ya duba kafin ya ce ya yarda?

Na farko, hanya. Kada ya auna nisan makaranta a kan babur. Ya taka da ƙafarsa daga ƙofar gidan har ƙofar makarantar, ya tuna kuma ƙafar yaro ɗan shekara 6 ce za ta yi wannan tafiya kullum. Ya lura ko sai yaro ya tsallaka babban titi, gama hanyar Jos hanya ce ta manyan motoci dare da rana. Gidan da yake gefe ɗaya da makaranta ya fi wanda yake tsallake, ko da kuɗinsa sun ɗara. Ya tambaya kuma yadda hanyar take a watan Agusta, domin kwarin da ka ga ya bushe da rani shi ne zai tsare yara a gida da damina.

In kuwa ya ce ba kome, zai riƙa sa yara a keke mai ƙafa uku zuwa wata makaranta a cikin gari, to, ya yi lissafi tukuna. Shekarar makaranta zango uku ce, kowane zango kamar mako 13. Mako 39 ke nan, kwana 195. Zuwa da dawowa, hawa 390 ga yaro guda. Yara uku, hawa 1,170 a shekara. Ya buga wannan da kuɗin hawa ɗaya, ya gwada da abin da ya rage a kuɗin haya. Sau da yawa zai ga arahar gidan ta ƙare a kan titi. Ban da haka, duk ranar da albashi ya makara, karatu ma ya makara.

Na biyu, cikin aji. Gani ya kori ji. Kada ya dogara da allon da aka kafa a bakin ƙofa, ko fentin da aka shafa wa katanga. Ya je ranar aiki da safe, ba tare da ya aika zai zo ba. Ya gai da hedimasta da ladabi, ya gaya masa shi baƙo ne mai neman wa 'ya'yansa wuri, ya roƙi izinin zagayawa. Ya ƙirga azuzuwan da malami yake tsaye a ciki, da waɗanda aka bar wa monita da tsumagiya. Ya ƙirga yaran aji ɗaya. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. In ya tarar da ninkin haka, ya san yaron da yake zaune a baya sai dai ya ji hayaniya.

Sa'an nan ya roƙi a nuna masa littattafan rubutu na yara biyu ko uku. A nan gaskiyar makaranta take. Yaushe malami ya duba aikin ƙarshe? Ya gyara kuskure, ko kuwa maki kawai ya zuba? In an yarje masa, ya ba wani yaro na aji 4 ɗan labari na Hausa wanda bai taɓa gani ba, ya karanta. Yaron da ya shekara uku a makaranta ya kasa karanta harshen da yake magana da shi, ba laifinsa ba ne, kuma abin da ya same shi shi zai sami ɗan baƙo. Kafin ya fita ya leƙa makewayi da wurin ruwan sha. Mai 'ya'ya mata ya fi kowa bukatar wannan, gama rashin makewayi mai sutura yana cikin abubuwan da suke sa 'yan mata su riƙa fashi in sun fara girma.

Na uku, makarantar kuɗi. Unguwannin bayan gari irin Miri ba su rasa su, kuma akwai masu kirki a cikinsu ƙwarai. Amma biyan kuɗi ba shi ne shaida ba. Ya tambaya ko hukuma ta yi mata rajista, ko malamanta suna da takardar N.C.E., wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan, ko kuma sun daɗe a wurin. Makarantar da take sake malamai kowane zango, yara ne suke biyan hasarar. Ya tambaya kuma inda yara suke zuwa in sun gama aji 6. In ba ƙaramar sakandare kusa, wahalar da ya guje wa bana tana jiransa baɗi.

Na huɗu, unguwar kanta. Yaro awa biyar ko shida yake yi a makaranta, sauran yinin na unguwa ne. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ya koma unguwar bayan la'asar ya ga abin da yara suke yi. Suna tafiya Islamiyya da makarantar allo, ko kuwa suna bakin titi? Ya je ya gai da mai unguwa da liman, ya ji ta bakinsu. In ya sami hali, maiɗakinsa ta shiga gida biyu ko uku ta yi hira da matan unguwa, domin abin da iyaye mata suka sani game da makaranta, hedimasta ba zai faɗa ba. Ya tambaya kuma ko kwamitin iyaye da malamai yana zama. Inda iyaye suke leƙa makaranta, malamai ba su cika fashi ba.

Na ƙarshe, lokacin tashi. Takardar canji ba ta duba kalandar makaranta. In ta zo a tsakiyar zango, ya fi kyau uba ya yi gaba shi kaɗai, iyali su biyo shi da hutu. 'Yan makonnin nan na zaman kaɗaici su ne zai yi binciken da muka zana. Yaron da yake aji 6 ko aji 3 na ƙaramar sakandare, in da dangin da za su riƙe shi, a bar shi ya yi jarrabawarsa inda aka yi masa rajista. Ranar tashi kuma kada a manta da takardar canjin makaranta da katin sakamako na kowane yaro. In babu su, sai a sa yaro ajin da aka ga dama, ya yi hasarar shekara guda a banza.

Saura magana ɗaya, ta ku ce ɗalibai masu shirin fita. Yau kun karanta wannan kamar iyaye masu neman makaranta. Gobe ku ne za ku tsaya a gaban allo, a Miri ko a wani ƙauye da ba ku taɓa jin sunansa ba. Wata safiya wani baƙo zai yi sallama, ya ce a nuna masa littattafan yara. Abin da ya gani a ciki shi zai sa ya kama gida a unguwar, ko ya yi gaba. Allah ya sa ya tarar da ku a cikin aji, da jan biro a hannu, amin.