Asalin Makarantar Ƙasa-da-ƙasa ta Jeka-ka-dawo a Arewa

Wanda duk ya ratsa Gyaɗi-Gyaɗi da sassafe, ya nufi Tarauni ko Unguwar Gano, zai ga ana sauke yara a ƙofofin makarantun kuɗi, waɗanda da yawansu suka rubuta a allunansu cewa su na ƙasa-da-ƙasa ne. Sunan ya zama ruwan dare, har an manta da abin da ya haife shi.

Manyan makarantun boko na farko a ƙasar Hausa na kwana ne. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, da makarantun Midil na larduna, duk sai yaro ya bar gidan ubansa, ba ya komowa sai da hutu. Makarantar ƙasa-da-ƙasa kuwa ta wata ƙofa ta shigo, watau ta wajen 'ya'yan baƙi.

A Jos aka fara. 'Yan Mishan na Church of the Brethren, waɗanda suka sauka Garkida tun 1923, sun saba aika 'ya'yansu Amurka in sun isa karatu. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya yi tsanani, hanyar teku ta zama abin tsoro, gama a 1941 Jamusawa sun nutsar da jirgin ruwa mai suna Zamzam, yana ɗauke da 'yan Mishan masu zuwa Afirka. Saboda haka a 1942 suka buɗe makarantar Hillcrest da yara 12. Jos ta dace da wannan, don akwai sanyi, ga kuma Turawan haƙar kuza. A 1955 waɗansu ƙungiyoyin Mishan suka shigo aka haɗa hannu. Da rana ake karatu. Yaran gari su koma gida, waɗanda iyayensu ke nesa su kwana a gidajen da ƙungiyoyin suka tanada. Manhajar Amurka aka bi, kuma dalilin a fili yake: can yaron zai koma, ba a so ya je ya tarar tsararsa sun wuce shi.

Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya hangi amfanin abin ta wata fuska. Capital School da aka kafa a Kaduna a 1957 ta haɗa 'ya'yan Turawa ma'aikata da 'ya'yan manyan Arewa a aji guda. Kano ma ta sami tata Capital School, Kwarori kuma suka buɗe wa 'ya'yansu tasu.

Bayan samun mulkin kai a 1960 Turawan gwamnati suka yi ta raguwa. Shirin ba kowane yaro ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika azuzuwan gwamnati maƙil, masu hali suka shiga neman inda yara ba su da yawa. Kujerun da baƙi suka bari, 'yan ƙasa suka hau. Daga baya ma baƙin ne suka zo neman 'yan ƙasa, kamar Turkawan da suka kafa makarantunsu a Nijeriya a 1998, har da reshe a Kano.

A nan ne abin ya shafi malamin Hausa. Yaron Hillcrest na 1942 da Ingilishi ya tashi a gida, da shi kuma aka koya masa a aji. Yaron Unguwar Gano da Hausa yake karya kumallo, sa'an nan ya shiga inda, a waɗansu makarantun, akan hore shi in an ji ta a bakinsa, ko da yake tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa. An ari tsarin da aka yi wa mai shirin komawa wata ƙasa, aka ɗora wa wanda nan ne gidansu. Sai dai kasancewarta ta jeka-ka-dawo ta rage ɓarnar, domin da la'asar yaron yana Islamiyya, da dare yana gaban kakarsa. Galibi yana jin Hausa sarai. Rubuta ta ne ke ba shi wuya, ba ya bambanta ƙ da k a takarda.