Dantchiao: gonakin da suka koma kurmin gawo

Duk wanda ya bar Magarya da rani ya nufi Dantchiao zai lura da wani abin mamaki. Ƙasa ta bushe, karan hatsi ya ƙare, amma ko'ina ka duba cikin gonaki sai itatuwa koraye shar. Baƙo zai zaci wani furoje ne ya ratsa nan da motocinsa da ƴan dashensa cikin leda. Alhali yawancin waɗannan itatuwa ba wanda ya dasa su. Da kansu suka tsiro, manoma suka ƙyale su, suka yi musu gyara.

Sarkin itatuwan nan shi ne gawo, kuma halinsa daban yake da na sauran. Da damina, sa'ad da kowane icce ke tofo, shi zubar da ganyensa yake yi, don haka inuwarsa ba ta danne gero. Ganyen da ya zuba ya ruɓe ya zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa sinadarin da ake saye da tsada cikin buhun takin zamani. In rani ya yi sai ya yi ganye, ya zubo ƴaƴa, dabbobi su taru ƙarƙashinsa su ci, su bar kashi a wurin. Ƙwayar gawo tauri gare ta, ta fi saurin tsirowa in ta bi ta cikin akuya ko saniya. Ashe bisashen da muke zargi da ɓarna suna cikin masu shukar. Magabata sun san darajarsa: ana ba da labari cewa a ƙarni na 19 sarautar Damagaram ta yi dokar kisa ga wanda ya sare gawo.

To, yaya ake aikin? Lokacin sassabe, maimakon manomi ya share gona ƙal ya cinna wuta, sai ya bi kututture ɗaya ɗaya. A kowane ya zaɓi tsiro biyu ko uku mafiya ƙarfi da miƙewa, ya yanke sauran. Rassan ƙasa ya datse su da lauje ko gatari mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Wasu har ƙyalle suke ɗaurawa, alamar iccen da mai shi. Da yake tsohuwar saiwa ta riga ta nutsa ta kai ga laima, tsiron ba ya bukatar ban ruwa. Haka ake yi wa kalgo da sabara da aduwa da magarya. Kuka kuwa, mata sun fi kowa sanin kuɗin da ganyenta ke kawowa ranar kasuwa.

Wannan dabara ta yi suna ne a jahar Maradi, inda wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya shiga yaɗa ta daga 1983. Amma a nan kudancin Damagaram, manoma da kansu suka farfaɗo da al'adar kakanninsu bayan farin shekarun 1970 da na 1984, da suka ga iska tana binne shuka da yashi har sai an sake shuka sau biyu ko uku. Binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka fitar a 2006 ya ƙiyasta cewa a Magarya da Matamaye da Mirriya wajen hekta miliyan 1 ne suka sake rufuwa da itace. A lokacin Dungas tana cikin Magarya, sai a 2011 aka ware ta. A faɗin Nijar kuwa ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200.

A nan ne ya kamata ma'aikata su tsaya su yi tunani. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace. Muna yara mun sha jera dogon yaro a bakin hanya, manya na tafi, ana ɗaukar hoto; kafin kaka awaki sun gama da mafi yawansu. Rahoto yakan faɗi yawan da aka dasa, ba kasafai yake faɗin yawan da suka rayu ba. Dogon yaro asalinsa daga Indiya ne, turare daga Ostareliya. Suna da amfaninsu, inuwar dogon yaro ta rufa wa kasuwanninmu asiri, sai dai ba manomin da zai so su tsakiyar gonar gero. Me zai hana filin makaranta ko harabar ma'aikata su samu tsamiya da kanya da kuka?

Babbar matsala ita ce mallaka. Shekara da shekaru doka ta ɗauki gawo a matsayin iccen da gwamnati ke karewa, har manomi yana tsoron tarar ma'aikatan gandun daji a kan reshen da ya raina da hannunsa. Dokar daji ta 2004 ta sassauta, sannan dokar 30 ga Yuli 2020 ta amince wa manomi da haƙƙinsa a kan itacen da ya raya a gonarsa. Amma takarda a Yamai daban, sanin ta a ƙauye daban. Ga kuma masu saran dare: makiyayi mai neman ganye a ƙarshen rani, da mai amalanke da ke kai itacen girki gari. Icce na shekara 10 a dare ɗaya ake kayar da shi, kuma ɗan kasuwan da ke sayen lodi ba ya tambayar gonar wa aka shiga.

Gonaki ma sai ƙanƙancewa suke yi, domin yankin nan na cikin mafi cunkoson jama'a a karkarar Nijar. In an zo rabon gado yanzu, bayan an auna ƙasa, sai magada su koma ƙidayar gawon da ya faɗo a rabon kowa.