Waken suya ma yana son sahur

Duk wanda ya taɓa makara ya rasa sahur a azumin bazara ya san yadda la'asar take nisa. Tun hantsi maƙogwaro ya bushe, ga randa cike a tsakar gida amma ba halin sha. Halin da ƙwayar waken suya take shiga ke nan in an jefa ta a bushe cikin gonar da kanwa ta ci.

Irin wannan gona ba baƙuwa ba ce a Kura da Bunkure. Tun bayan kammala dam ɗin Tiga a 1974, ruwa ke bin kanal yana shayar da shinkafa da alkama da tumatir. Inda magudana ta toshe da laka da kacalla, sai ruwa ya kwanta, rana ta shanye shi ta bar gishirin. Za ka ga fari-fari a kan kunya, in ka murza ya yi ɓurɓushi a yatsa. Laima tana nan a ƙasa, gishiri ne ya riƙe ta ya hana iri. Shi kuwa waken suya sai ya sha kimanin rabin nauyinsa na ruwa kafin ya tsaga. In jiran ya yi tsawo wani ya ruɓe, wani ya fito a wahale, layi ya cika da giɓi.

Jiƙa iri kafin shuka shi ne sahur ɗinsa. Ya sha ruwa mai daɗi a gida, cikinsa ya farka ya soma aikin tsiro, a shanya shi a inuwa ya tsane, a kai shi gona ba da jinkiri ba. Manomin shinkafa a Kura ba sai an koya masa jiƙo ba, ya saba kafin ya watsa iri. Nan ne kuma haɗarin yake, don shinkafa tana da ƙaiƙayi, tana jure kwana cikin ruwa. Fatar waken suya siririya ce. Ya kwankwaɗi ruwa da gaggawa sai fatar ta saɓule, ƙwayar ta rabe biyu, ta tashi daga iri ta koma kayan awara. Awa kaɗan sun isa, kuma ni na fi yarda da a baza shi tsakanin jiƙaƙƙun buhunan algarara ya tsotsa a hankali. Mai shafa wa iri Nodumax, sinadarin da cibiyar binciken noma ta IITA ke yi, ya bari sai irin ya tsane.

Sai dai sahur ba ya rage tsawon yini. Tsiro zai fito da wuri, kai ɗaya, amma saiwa cikin gishirin nan za ta zauna har girbi. Gonar da ta yi fari sosai sai ƙungiyar masu ban ruwa ta fito an yashe magudana, an sako ruwa ya wanke ƙasa ya wuce. Kafin ka jiƙa buhu guda, ƙirga ƙwaya 100 ka jiƙa, ka bar 100 a bushe, ka shuka su kunya biyu a gefen da kanwar ta fi yawa, ka dawo bayan mako ka ƙirga.