Lantarki Daga Iskar Teku: Ina Ruwan Maiduguri?

Ana kafa manyan fankoki a cikin teku ne domin iskar can ta fi ta tudu ƙarfi da ɗorewa. Iska ta juya fanka, fanka ta juya janareta, wayoyin ƙarƙashin ruwa kuma su kai wutar gaɓa.

Denmak ce ta fara, a Vindeby a 1991, da fankoki 11 masu ba da kusan megawat 5. Yau tashar Hornsea 2 ta Ingila na da fankoki 165 da ke samar da sama da megawat 1,300, Sin kuwa ita ce kan gaba a duniya. Gwamnatoci ne suka share fage, suka lamunce wa kamfanoni tsayayyen farashi na shekaru.

Maiduguri ba ta da teku, amma ta ɗanɗana kuɗar dogaro da layin wutar lantarki guda. A 2021 'yan tada ƙayar baya suka rusa turakun layin Damaturu, garin ya yi watanni cikin duhu, sai a 2023 aka buɗe wa garin tashar gas mai megawat 50.

Iskar tudu ma za ta iya ba da wuta, amma aikin iska na Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10, ya sha jinkirin sama da shekara goma. Fasahar na nan; shugabanci mai kammala aiki ake nema.